Mun San Kasuwar Kano, Ba Mu San Garin Ba

Barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka aza tubalinta suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya da albarkar kasuwa.

Da kwamitin biki ya ce in rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, na so in zame, domin ni ba malamin tarihi ba ne. Aikina riƙon littafin ƙungiya: wane ya taso, ina ya nufa, me ya ɗauko, wace takarda ta maƙale a duwan. To amma littafin nan shi ya ba ni abin faɗa. In ka buɗe shi, sunan garin da ya fi kowane yawa a shafukansa shi ne Kano. Masu bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, da masu bi ta Matamai da Daura, da masu fita ta Magarya ko Maigatari, kusan duk can ake haɗuwa.

Wata rana a buro na tambayi wani babanmu, wanda ya fi shekara 30 yana wannan hanya, ko ya taɓa hawa Dutsen Dala. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wa zai bar kaya a tasha ya tafi hawan dutse?" Ya san layukan Kantin Kwari kamar tsakar gidansa, ya san Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai, ya san inda ake canji mai kyau, amma Dala sai dai hange ta tagar mota. Ni ma haka nake, har ranar da lodin kayan wasu mambobi ya yi jinkiri muka kwana biyu muna jiran kamiyo. Ɗan maigidanmu na Kano ya ga zaman ya ishe ni, ya ce in taso ya nuna mini gari. Abin da na gani a kwana biyun nan, da abin da na bi na karanta daga baya, shi nake so in ba ku. Na tarar wuraren da baƙi daga nesa suke biyan kuɗin jirgi su zo kallo, tarihin sana'armu ne ke ajiye a cikinsu.

Dala, inda garin ya fara

Mun hau Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi. Akwai matakala har sama, mai ƙarfin ƙafa ba zai daɗe ba. Daga can za ka ga birnin shimfiɗe ta kowace fuska, ga Goron Dutse daga yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin kasuwanni. Lokacin hunturu hazo yakan rufe nesa, don haka an fi more kallon bayan damina.

Mutanen farko da suka zauna a gindin dutsen maƙera ne, ƙarfen da ke cikin ƙasar wurin ya jawo su. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya kawo labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura da ake yi a kan dutsen kafin zuwan Musulunci, ya kuma sa Bagauda a matsayin sarki na farko a shekara ta 999. Abin lura a gare mu shi ne, tun asali sana'a ce ta tara mutane a wurin. Wanda ya ƙera fartanya yana bukatar mai saye, mai saye kuma yana bukatar hanya. Har yanzu, mako guda bayan Mauludi, ranar da Kanawa ke kira Takutaha, jama'a musamman yara da mata sukan cika dutsen maƙil. Wanda tafiyarsa ta dace da ranar, ya leƙa.

Badala da ƙofofinta

Daga saman Dala abokin tafiyata ya nuna mini guntayen ganuwa, wadda Kanawa ke ce wa badala. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Da jar ƙasa aka yi ta, kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da wurin kiwo, saboda in abokan gaba sun yi wa gari zobe a sami abin ci a ciki.

Ƙofofin suna nan da sunayensu: Nasarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi da sauransu. Kowace tana da Sarkin Ƙofa. A da ana rufe su da dare, ayarin da ya makara sai ya kwana a waje. Mu da ke kwana a bakin iyaka muna jiran a buɗe shinge da safe, mun san wannan jira. Kakanninmu ma sun yi shi, da jakuna da raƙuma.

Gaskiyar magana, badalar tana ƙarewa. Ruwan sama ya ci wani sashe, an ɗebi ƙasar wani an yi gini, wani wurin shaguna da gidaje sun hau kai. Tun 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya, amma hakan bai hana ta zaizayewa ba. Wanda ke son ɗansa ya ga badala da idonsa, kada ya ce sai baɗi.

Zamanin Rumfa

Musulunci ya kafu a fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, ta hannun Wangarawa da suka zo daga Mali. Su wane ne Wangarawa? Malamai ne kuma fatake. Da littafi da haja suka iso a ayari ɗaya. A zamanin Abdullahi Burja kuma, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja, ƙasar goro, wadda ke arewacin Gana ta yau.

Sarkin da ya fi barin abin gani shi ne Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya faɗaɗa badala. A zamaninsa Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon mulki. Shehin nan mutumin arewacin Afirka ne, kuma ta ƙasar Abzin ya biyo kafin ya iso. Zuriyar da ake dangantawa da shi tana unguwar Sharifai.

Daura da fada akwai Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ana biyan ɗan abu kaɗan a shiga. A ciki na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da takubba, da kayan saƙa, da hotunan birnin na farkon zuwan Turawa. Ginin kansa abin kallo ne: katanga mai kauri, daurin guga da azara, zanko a saman soro. Da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi kamar an kunna na'ura. Daga nan taku kaɗan ne zuwa babban masallacin Juma'a, wanda aka yi ginin da ake gani yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Fada kuwa gidan sarki ce mai mutane a ciki, ba a faɗa mata kai tsaye. A tsaya a Ƙofar Kudu a yi kallo, in ana son wuce nan a nemi izinin dogarai.

Kurmi, uwar kasuwanni

Wanda ya saba da Kwari zai ga Kurmi ta yi masa ƙunci. Lunguna ne sirara, rumfa na kallon rumfa. Amma kafin a san Kwari ko Singa, nan duniya ke haɗuwa. Abzinawa su kawo gishirin Bilma da dabino, Barebari su kawo kanwa, fataken Gwanja su kawo goro, Larabawan Gadamas da Tarabulus su kawo alharini da takarda da turare da murjani. A koma da tufafi da fatu da hatsi. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara har Turai, can suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun ƴan arewacin Afirka take isa gare su. Mu da muka san jar akuyar Maraɗi da darajar fatarta, wannan labari bai yi mana nisa ba.

Dole kuma a faɗi ɗaya gefen. A wannan kasuwa an sayar da bayi, ƴan Adam kamarmu, har zuwa farkon ƙarni na 20. Wanda zai yi alfahari da fataucin kakanni, ya san da wannan ma, ya gode wa Allah da ya wuce.

Abin da ya fi burge ni a tarihin Kurmi shi ne tsarinta. Ayari yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki. In an iso gari, kowane baƙo yana da fatoma, wato maigidan da zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Dillali ya ci la'adarsa, fatoma ya sami rabonsa, baƙo ya koma gida lafiya. Babu banki, babu takardar kotu, amana ce jarin. Ku dubi yadda muke da masu gidajenmu na Kano a yau, ku gaya mini abin da ya canja in ban da waya.

Har yanzu a Kurmi za ka sami sirdi da linzami da likkafa, takalma da jakunkunan fata, ƙwarya mai zane, tsakiya da duwatsun wuya, littattafan addini, kayan yaji da magungunan gargajiya. Wanda ke neman tsarabar da ba ta zo daga Sin ba, nan zai nufa. A gefen Jakara kuma a ci gurasa, wadda aka ce Larabawan da suka zauna a birnin suka kawo.

Unguwannin da ke kiran sunanmu

In ana so a gane Kano garin baƙi ce, a saurari sunayen unguwanninta. Zangon Barebari, masaukin mutanen Barno. Tudun Nufawa, na Nufawa. Ayagi, ta Yarabawa. Dandalin Turawa, inda Larabawa suka zauna, domin a da su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Alfindiki, daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Sai wadda ta sa na tsaya cik: Agadasawa, unguwar mutanen Agadas, wadda yau ta yi suna wajen kilishi. Fagge kuma, da muke ratsawa kullum tsakanin Kwari da masauki, asalinta zango ce a bayan badala inda ayarin raƙuma daga arewa ke sauke kaya.

Akwai kuma Agalawa da Tokarawa, manyan fataken goro na ƙasar Kano, waɗanda asalinsu ke komawa ga mutanen da suka gangaro daga ƙasashen Buzaye suka zauna suka zama Hausawa. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, daga Agalawa ya fito. Ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja, ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Saboda haka ɗan Nijar da ya shiga birnin Kano ba wurin baƙi ya je ba, sawun danginsa ya bi.

Marinar Ƙofar Mata

Kusa da Ƙofar Mata akwai karofin da allon bakinsa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin. Ramuka ne masu zurfi a jere. Ana zuba ruwa da toka da baba, a bar shi kwanaki ya nuna, sannan marini ya zauna a baki yana tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska. Da fari sai ka ga ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launi. Mata a cikin gidaje su ke ƙulla zanen da zare kafin a kawo, in an kwance sai ado ya fito. A gefe kuma ga masu bugu, suna dukan zane da manyan guduma na itace a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli.

Wannan shuɗi shi ne launin da duniya ta san Buzaye da shi. Turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura da ake naɗawa a Agadas da Tawa da In Gal ranar biki, daga ƙasar Kano suke fitowa, musamman garin Kura da ke kudu da birni. Shekaru ɗaruruwa masaƙa da marina na nan suna yi wa mutanen arewa aiki, mutanen arewa suna biya da gishiri da dabbobi.

Ranar da na je, ramukan da ake aiki a cikinsu ba su kai waɗanda aka bari ba. Wasu sun cike da ƙasa da shara. Wani dattijon marini ya ce mini yaran yanzu ba sa son zama bakin rami, kuma atamfa da shadda na waje sun kashe kasuwar. Na yi shiru, domin na san dilolin da ke jiranmu a tasha irin kayan da yake magana ne. Ban ce mu bar abincinmu ba. Amma mai sayen dila ɗari, in ya ɗauki zane goma na karofi ya kai Maraɗi ko Damagaram, ba zai karye ba, kuma akwai masu nema.

Baturen da ya biyo hanyarmu

A watan Fabrairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shiga Kano. Hanyar da ya biyo za ta ba ku sha'awa: daga Tarabulus zuwa Abzin, ya ziyarci Agadas, ya biyo ayarin gishiri zuwa Damargu, ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina. A Damargu ya rabu da abokan tafiyarsa biyu, ɗaya ya nufi Damagaram, ɗaya ya nufi Gobir da Maraɗi. Ya ƙiyasta mazaunan Kano da 30,000, ya ce a lokacin cin kasuwa na rani sukan ninka. Ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya ce ana ganinsu har Tambutu da Murzuk da Tarabulus.

Ba kullum ake zaman lafiya a hanyar ba. Bayan jihadi, wajen 1807, Kano ta koma ƙarƙashin tutar Sakkwato. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafa Maraɗi, aka yi shekaru ana kai wa juna hari. A ƙarshen shekarun 1890 Damagaram ta Sarki Amadu Kuran Daga ta yi yaƙi da Kano ta Sarki Alu. Duk da haka ayari bai daina tafiya ba, sai dai ya canja hanya ko ya biya kuɗin fito. Daga nan Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyakar da muke tsayawa a kanta yau. Ku auna: iyakar ba ta daɗe da wuce shekara 100 ba, Kasuwar Kurmi kuwa ta haura 500.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya juya fuskar ciniki daga Sahara zuwa teku. Gyaɗa ta zama sarauniya, aka riƙa jera buhunanta kamar duwatsu, abin da ake kira dalar gyaɗa. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta nan take bi zuwa Legas, kafin a shekarun 1950 Faransawa su fara karkatar da wani sashe ta hanyar Kwatano. Da yawa daga cikin manyan alhazan Maraɗi na farko a cinikin gyaɗa suka kafa jari. Dalar gyaɗa babu ita yanzu, sai a hoto. Wanda ke son ganin kayan wancan zamani ya je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan ƙasa mai zane inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Jirgin sama na farko da ya sauka a Najeriya ma a Kano ya sauka, a 1925.

Hawan Sallah da wuraren shan iska

Wanda Sallah ta riske shi a Kano, kada ya yi baƙin cikin rashin komawa gida har ya kasa fita kallo. Ranar Idi akwai Hawan Sallah. Washegari da yamma Hawan Daushe, wanda ya fi kowane cika: sarki ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya dawo Ƙofar Kudu, hakimai su yi ta zuwa jafi ƙungiya ƙungiya, su sako dawaki a guje su ja linzami a gabansa su ɗaga hannu. Rana ta uku Hawan Nasarawa, daga baya a yi na Ɗorayi ko na Fanisau. Za ka ga ƴan lifidi da ƴan sulke, dogarai cikin ja da kore, ƴan bindiga suna ta da hayaƙi, kakaki da algaita da tambari suna tashi. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa wannan hawa cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. Wasu shekarun hukuma takan dakatar da shi saboda tsaro, don haka a tambayi maigida kafin a ɗauko iyali.

Mu mutanen kokowa ne, duk shekara muna bin gasar takobi a rediyo da talabijin. To Kano gidan dambe ce. Da yamma akan buɗe fili a yi ta karawa, hannu ɗaya naɗe da zare, makaɗa suna zuga. Mai son ƙwallo ga filin wasa na Sani Abacha nan Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars. Mai yara ya kai su gidan namun daji na Audu Baƙo. Mai son tsayi bayan Dala ya gwada Goron Dutse. Wanda ke da yini guda cur da mota, ya fita kudu zuwa madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a shekarun 1970, ya ga ruwan da ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa, waɗanda amfaninsu ke shigowa motocinmu. Dajin Falgore yana can gaba, amma kada a shiga sai an tambayi halin da hanya ke ciki.

Ga ƴan shawarwari daga wanda ya gwada. A riƙe katin ɗan ƙasa a jiki. A bar kuɗin kaya wurin maigida, a ɗauki na kashewa kawai. A yi ciniki da mai Adaidaita Sahu kafin a hau. A nemi izini kafin a ɗauki mutum hoto, musamman a karofi, kuma a ba masu aikin ɗan abin goro. Ranar Juma'a da rana kewayen masallaci da fada yakan cushe. Dala, Kurmi, Gidan Makama da Ƙofar Mata duk ana iya gama su tsakanin hantsi da La'asar.

Abin da ya sa na dame ku da wannan

Kowa a cikinmu yana tuna watan Agusta na 2019 da aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Muna tuna 2023 da aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ni ke riƙe da littafi, na san mambobin da kayansu da kuɗinsu suka maƙale a Kano wata da watanni. Mafi yawan abin da ya dawo hannun masu shi, ba takarda ce ta dawo da shi ba. Masu gidajenmu ne suka ajiye, wasu suka sayar suka aiko da kuɗin, saboda uban wannan ya sauki uban wancan. Wato tsarin fatoma na zamanin Kurmi shi ya cece mu.

Tsorona shi ne ƙannenmu masu tasowa. Da yawansu ciniki a waya suke yi: a turo hoto, a tura kuɗi, a ɗora wa direba. Ba laifi ba ne, zamani ne. Amma wanda bai taɓa cin tuwo a gidan maigidansa ba, bai je masa gaisuwar mutuwa ko suna ba, bai san garin ba sai farashin naira da sefa, ranar da hanya ta sake toshewa wa zai riƙe masa amana? Ga layin dogo ana ginawa daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. In Allah Ya sa ya kammala, tafiyar za ta ƙara sauri, zaman da ake yi a san juna zai ƙara raguwa.

Don haka ina roƙon shugabanni da iyayenmu, cikin ladabi, a duba abu biyu. Na farko, ƙungiya ta ware rana ɗaya a shekara, a haɗa matasanmu da ƴaƴan masu gidajenmu na Kano su zaga waɗannan wurare tare, mu ma in sun zo mu kai su Birnin Damagaram da fadar sarki, ko fadar Maraɗi da ta Tsibiri. Kuɗin bai kai na lodin kamiyo ɗaya ba. Na biyu, duk mai hali ya riƙa sa ɗan kayan Kurmi da na karofi a cikin sayayyarsa, ko don masu wannan aiki su ga ƴan arewa ba su manta da su ba.

Shi kuwa babanmu da na ba ku labarinsa, da na dawo na nuna masa hotunan da na ɗauka a saman Dala, ya daɗe yana kallo. Ya nemi in nuna masa inda Fagge take, ya ce mahaifinsa ya sha gaya masa nan kakansu ke sauka da raƙuma. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya matakalar ba yanzu, amma tafiya mai zuwa zai ba ni jikansa in hau da shi. Na karɓi wannan aika, kuma duk mai son ya haɗa ni da nasa yaron, ya same ni a buro in rubuta sunansa.

Inda na yi kuskure, malamai da dattawa su gyara mini. Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya maimaita mana na baɗi da rai da arziki. Amin.

Naku,
Magatakardan ƙungiya